Ina Kike Kwana?

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun a layin farko, domin na san halina. Idan aka bar ni na yi nisa da bayani, kafin in kai ƙarshen shafi zan ɗora wa gwamnati rabin laifin, in ɗora wa iyayen yara sauran, ni kuma in fito fes kamar sabon alli.

A lokacin ni ne malamin horo a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a nan Kontagora. Karatuna bai yi zurfi ba. Takardar koyarwa ɗaya gare ni, ita ma da ƙyar ta zo hannu. Abin da na rasa a ilimi sai na cike gurbinsa da murya da tsumagiya. Yara suna kirana Disifilin, ni kuwa ina jin daɗin sunan kamar sarauta aka naɗa ni. Kowace safiya nakan tsaya a bakin get in duba farce, in duba wuyan riga, in duba safa. Na yi imani da zuciya ɗaya cewa idan safar yaro ta yi fari, to rayuwarsa ta gyaru.

Yarinyar ta shigo aji uku ne a tsakiyar zangon farko. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma irin ta mutanenmu na ƙauyukan Kambari ce. Abin da ya fara jan hankalina shi ne sammakonta. Ta riga kowa zuwa. Maigadi da kansa ya ce yakan tarar da ita zaune a gindin dogonyaro kafin ya buɗe get. Idan an tashi kuma ita ce ta ƙarshen fita, sai ya kaɗa mata makullai.

Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na ba ta ƙararrawar makaranta ta riƙa kaɗawa. Na tsayar da ita a gaban asambuli na ce, "Ku dube ta, ku malalata! Wannan ita ce ɗaliba. Ku kuna can kuna juyi a katifa, ita tana nan." A ɗakin malamai kuma na riƙa cewa horona ne ya fara aiki. Wani abokin aikina ya ce, "Ai sati biyu kacal ta yi a hannunka." Na ce masa haka horo mai kyau yake, ba ya ɗaukar lokaci.

Matsalarta ɗaya ce a wurina: kaya. Rigarta ba ta taɓa ganin guga ba. Safarta kullum da danshi. Na taɓa cire ƙaiƙayin dawa daga wuyan rigarta, na ɗaga shi sama na nuna wa aji kamar ɗan sanda ya kama shaida. Ban tambayi kaina me ya kai ƙaiƙayi wuyan rigar yarinyar da ke tsakiyar gari ba. Na dai ba ta bulala biyu a hannu, da safe kuma na yaba mata a kan sammako. Haka muka yi ta tafiya, yabo da ƙarfe bakwai, duka da bakwai da rabi.

Ranar da abin ya ɓaci, masu duba makarantu ne za su zo, shi ya sa na yi sammakon da ban saba ba. Ina shiga na hange ta a bakin famfo tana wanke ƙafa da wani guntun sabulu. Safarta da ɗankwalinta kuwa ta shanya su a kan ƙarfen da ya kewaye tutar makaranta. Tuta fa! Ranar baƙi! Na ji kamar ƙasar ce gaba ɗaya aka zaga, ni kuma aka bar mini amanar rama mata.

Ban yi mata magana a wurin ba, domin babu 'yan kallo. Na jira baƙi suka tafi, aji ya cika, sannan na shiga.

"Ke, tashi. Nan gidan ubanki ne?"

"A'a, Malam."

"To ina gidanku?"

Ta ce, "Kumbashi, Malam."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa dariyar aji ita ce abincina.

"Kumbashi! Wato daga Kumbashi kike tasowa kullum har ki riga maigadi? Jirgi gare ku, ko aljani ke goyo ki?"

"Gidanmu ke nan, Malam."

"Madalla. To ki koma Kumbashin. Kada in ƙara ganin ƙafarki a makarantar nan sai kin zo mini da ubanki daga gida."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙararrawar daga ƙarƙashin benci, ta ajiye mini a kan tebur a hankali don kada ta yi ƙara, ta fita.

Abin kunyar shi ne, duk wanda ya zauna a garin nan ya san cewa idan ka tambayi mutumin ƙauye gidansu, asalinsa zai faɗa maka. Ni kaina na fi shekara ashirin ina haya a Kontagora, amma idan salla ta zo nakan ce zan je gida, ina nufin Ibeto. Ba wanda ya taɓa tambayata ko aljani ke goyo na. Yarinya ta amsa abin da na tambaye ta daidai, ni malamin na kasa gane Hausata.

Sati biyu ba ta zo ba. Na ba wata ƙararrawar, wadda takan iso bayan an gama taken ƙasa. Na ce a raina taurin kai ne, za ta gaji ta dawo. Sai ga rajistar jarrabawar fita aji uku ta zo. Kowane ɗalibi sai ya zo da kansa an ɗauki hotonsa, ranar Juma'a kuma za a rufe. Wanda ya rasa, shekara ta wuce shi. Ranar Litinin na ga layin sunanta babu hoto, na ɗan ji wani abu, na ce yunwa ce, na fita sayen ƙosai.

Akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin get, kowa Iya yake ce mata. Ita kaɗai ce a yankin ba ta tsorona.

"Malam Disifilin! Yau ba za a duba farcena ba?"

"Iya, zuba mini na ɗari biyu."

"Ina 'yar ƙararrawarka? Kwana biyu ban ji an kaɗa a kan lokaci ba."

"Na tura ta gida ta zo da ubanta."

Ta tsaya da matsami a hannu, mai yana ɗiga. "Wane gidan? Wane uban?"

Daga nan ta zayyana mini. Masu bindiga ne suka tashi ƙauyensu ta wajen Kumbashi da damina. Uban bai fito ba. Uwar ta taho da ita da ƙannenta biyu, wani mai hatsi ya bar su suna kwana a rumfarsa a kasuwa, a tsakanin buhuna, su kuma suna share masa wuri. Sharaɗin shi ne su naɗe tabarma tun kafin masu kaya su fara isowa, kada su shimfiɗa sai kasuwa ta watse. Sammakon da na yi ta yabo ke nan. Son karatun da ke hana ta tashi da yamma ke nan. Famfon makaranta kuwa shi ne ruwan da ba sai ta saya ba.

Na ce, "Iya, ke ya aka yi kika san duk wannan?"

"Tambaya na yi, Malam. Kyauta ce, ba a biya. Na ga yarinya tana gyangyaɗi a gindin bishiya, na ce 'yata, ina kike kwana? Shi ke nan. Ni da ko aji ɗaya ban yi ba." Ta miƙo mini ƙosan. "Ka ci da yaji, ko zai buɗe maka kai."

Kada a ɗauka daga nan na shiryu. Na dai shiga aiki, domin aiki ya fi sauƙi. Na sami shugaban makaranta, ya yarda ta riƙa wanki a famfon bayan ajujuwa, ta kuma ajiye jakarta a sito. Na sayi sabulu sanda guda da safa ƙafa biyu, farare tas, domin har a lokacin ban daina ganin safa a matsayin maganin duniya ba. Da la'asar na nufi layin masu hatsi.

Na same su a bayan rumfar. Uwar tana sheƙe dawar da suka share daga ƙasa, yarinyar tana tsince tsakuwa. Da ta gan ni ta miƙe tsaye kamar a aji, ta ɓoye hannayenta a baya. Farcenta take ɓoye mini.

Na gaida uwar, na ajiye leda, na gyara murya na ce, "Baiwar Allah, ni ne malaminta. A gaya mata ta dawo gobe. An yafe mata."

Haka na faɗa. Ni na yafe mata.

Uwar ta dubi ledar, ta dube ni. Ta ce, "Mun gode, Malam. Amma ta ce kai ka ce sai da babanta daga gida. Babanta yana gida, gaskiya ne. A ƙasa yake. Kullum tana tambayata yadda za ta yi da maganarka, ni ma ban sani ba."

Na ce ai wannan magana ta wuce, na yi sallama da sauri, na tafi ina ganin na yi abin kirki.

Talata ba ta zo ba. Laraba ba ta zo ba. Ranar Alhamis da safe na tsaya a get ina leƙen hanya, yara masu baƙar safa suna wucewa ta gabana suna mamakin sa'arsu. Iya ta kira ni daga bakin kaskonta.

"Na ji an kai kaya kasuwa. Ka ba ta sabulu, ka ba ta safa. Haƙuri fa? Ko ya ƙare a kanti?"

"Iya, yarinya ce fa. Sa'ar 'yar cikina."

"Da ka kore ta a gaban aji, babba ce?"

Ban tsaya an tashi ba. Na bar tsumagiyar a kan tebur na hau babur.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tukuna. Ranar Juma'a ta zo, aka ɗauki hotonta, ta rubuta jarrabawar tare da 'yan ajinsu. Ƙararrawar ce dai ba ta sake karɓa ba, ni ma ban matsa ba. Daga wannan zangon na koyi tambayar Iya, nakan kuma yi ta a gefe, ba a gaban aji ba. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai mai kwana a tasha, akwai masu kwana a wani kango da ba a yi wa rufi ba, dukansu sun sha bulalata a kan guga. Shekara da shekaru ina duba farcensu ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba.

Ranar Alhamis ɗin kuwa kasuwa a cike take. Na same ta ita da uwarta a inda na bar su, ledata tana rataye a jikin ƙusa ba a ko kwance ta ba. Masu awo suka bar mudu suna kallo, domin wasunsu tsofaffin ɗalibaina ne, sun san hannuna. Gwiwata ba ta saba ba, amma na tsuguna a kan ƙaiƙayin nan har kaina ya yi ƙasa da nata. Na ce:

"'Yata, ranar nan na tambaye ki gidanku, kika faɗa mini gaskiya, na mai da ke abin dariya. Na ce ki kawo babanki ban san Allah ya karɓe shi ba, kuma rashin sanin laifina ne, domin ban tambaya ba. Na janye maganar nan. Ba ki yi mini komai ba da zan yafe miki. Ni na yi miki. Gobe ne ranar ƙarshe ta hoto, ina roƙonki ki zo. Ko kin zo ko ba ki zo ba, don Allah ki yi haƙuri, ki yafe mini."