Malam Nata'ala, Wanda Ya Ɗauki Gawar Yayana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, shekara ta 1357, ana tsakiyar yankan gero, wani mai jaki ya tsaya bakin gonata a Fakuwa ya ce Malam Nata'ala na Yashe ya cika. Na zauna kan kunyar gona.

Malam, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Kana da faɗa. Wanda ya yi alwala ya bar dunduniya a bushe, sai ya ji sunansa har bayan gari. Amma wanda ka yi wa faɗa da safe, shi kake aika wa damin dawa da yamma.

Masu tasowa sun san ka manomi mai koyar da karatu a zaure. Ba su san ka taɓa zama limamin Bauranya ba, balle abin da ya raba ka da limancin. Shi ya sa na rubuta wannan.

Shekarar da aka yi tawayen Satiru can ƙasar Sakkwato, hankalin hukuma ya tashi, kowace magana sai a kira ta cin amana. Yayana Sodangi mutum ne mai zafin kai. Ya tsaya cikin kasuwar Bauranya ya ce zamanin Mahadi ya zo, kada kowa ya bi Nasara. Kai ne ka fara ƙaryata shi a bainar jama'a, har kuka daina gaisawa. Aka kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa. Ranar kasuwa hauni ya sare shi, mu danginsa maza muna ɗaure a hannun dogarai. Aka bar gawar a rana. Ba wanda ya yi shelar kada a taɓa ta, amma kowa ya san wanda ya taɓa ta, za a ce shi ma ɗan tawaye ne.

Matarsa Hadijatu ta ba ni labarin sauran. Ta ce kasuwa ta watse, angulaye sun fara sauka, sai ga ka da jakinka da tulun ruwa. Ka haɗa kai da jiki, ka yi masa wanka, ka naɗe shi da likkafanin da ka ajiye wa kanka. Ka ɗaga murya ka kira mutane sallah. Ba wanda ya fito. Ka sallace shi kai kaɗai, ka gina kabarin da hannunka.

Washegari aka kai ka gaban hakimi, ga Bature zaune gefe. Ina tsugune cikin ɗaurarru, da kunnena na ji.

Hakimi ya ce, "Malam, kai ma kana tare da shi ke nan?"

Ka ce, "Ranka shi daɗe, da ransa ban bi shi ba, kowa shaida ne. Amma hukuncinku ya ƙare inda hauni ya tsaya. Musulmi ne, da kalmar shahada ya cika. Da an bar shi ga angulu, alhakin na bisa wuyan garin ga duka, har da naka."

Wallahi na ɗauka kai ma kasuwar za a kai ka. Allah Ya tsare ranka, amma aka tuɓe maka rawanin limanci. Ka kwashe iyalinka ka koma Yashe, ka kama fartanya, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Da aka sake mu na je yi maka godiya, cewa ka yi in tashi in ba ka wuri, kana da shuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Ummulkhairi, da 'ya'yanka Mamuda da Hassana, da mutanen Yashe da Bauranya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma.

Ya Ubangiji, bawanka Nata'ala ya tsaya wa wanda kowa ya guda. Ranar da ɗa zai guji uba, Ka tsaya masa.

Ma'aruf Gajere, Fakuwa