Tsohuwar da Ta Sumbaci Gurasa

A layin gurasa na unguwar Mohandessin wata tsohuwa ce a gabana, gajeriya, baƙaƙen kaya tun daga ɗankwali har safa. Takalminta na yadi ne, tafinsa saƙar igiya, irin na masu shiga gona. Hannuwanta ma na manoma ne, duk kanta. Tana jan carbi, har na ɗauka Hajiya ce, sai ga ɗan gicciye yana lilo a ƙarshensa.

"Daga wani ƙauye na ƙasar Sifen ɗanta ya kawo ta," in ji Ammu Ragab mai gurasa. "Tun da mijinta ya rasu ba ta cire baƙi ba."

Gurasa ɗaya na yashe a ƙasa. Tsohuwar ta dafa gwiwa, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka. Ta hure ƙurar, ta zana gicciye a kai da babban yatsa, ta sumbata, ta ɗora kan katanga.

"Allah ya yi miki albarka, ya Hagga," in ji Ammu Ragab. Haka suke cewa Hajiya a nan.

Shekarata huɗu ina karatun fiƙihu a garin nan. Ɗazu da zan shiga layi, ni na tsallake gurasar.