Ranar Da Glenys Ta Goge Wa Laka Jiki

Mutanen garinmu ba su da kirki wajen tuna alheri. Glenys Tamihana ta tsufa tana riƙe da kicin ɗin zauren taro, babu biki ko zaman makokin da ba ta dafa wa shayi ba, amma da an ambaci sunanta sai a ce, "Au, mai wanke laka?" a fashe da dariya. To ga yadda aka yi, kowa ya ji da kunnensa.

Glenys mace ce da ko ƙuda ba ya sauka a teburinta sai da izini. Mijinta Rewi kan ce tun daren aurensu ta goge shi da tsumma, har yau bai bushe ba.

Wata bazara sai ga Sefina, ɗalibar jami'a, ta zo haƙa a fadamar gishirin da ke bakin kogi. A cikin lakar akwai ɓawon wasu halittu da ƙwayar gero ta fi su girma, kowane iri da tsayin da yake zama daga inda ruwan teku ke kaiwa. In aka bi lakar daga ƙasa zuwa sama, sai a karanta yadda teku ya yi ta hawowa tun zamanin kakanni. Dattawa suka yarda, amma rami ɗaya tak, kuma in an gama a mayar wa fadama lakarta.

Sefina ta ciro lakar guntu-guntu cikin bututun roba, ta manna jan salatif a bakin da ke kallon sama, ta roƙi ajiya a firjin zaure.

Da safe Glenys ta buɗe firji, ta ga guntun tsakiya yana ɗigar baƙin ruwa kusa da man shanunta. Ta ɓare ledar da salatif ɗin duka, ta goge bututun fes, ta sake naɗe shi kamar kyautar amarya.

"Anti, ina jan salatif?" in ji Sefina.

"Wannan ƙazamin? Yana kwandon shara."

"To yanzu ina sama, ina ƙasa?"

Rewi, da ke cin gasasshen burodi da cuku, ya ƙyalƙyale. "Shi ke nan, ta kifar da teku! 'Yata, ki rubuta ruwa ja da baya yake yi, mu koma gini a bakin rairayi."

"Rufe min baki, tsoho mai warin kifi!"

Amma Glenys ta san ta yi ɓarna. Rami na biyu babu shi, kuma ba ta da fuskar da za ta kai wa dattawa roƙo. Aikin yarinya ya tashi a banza, a hannunta.

Sefina dai ta share hawaye, ta ɗan ɗebi laka daga kowane baki, ta jiƙa a faranti, ta kafa madubin ƙara girma a kan teburin da ƙuda ba ya sauka. Glenys ta ƙyale ta. Can sai yarinyar ta ɗago.

"Anti, an taɓa yanka katako a garin nan?"

"Kakana ya yi aiki a injin da ke saman kogi. Ƙazaman banza, duk dusar katakon a ruwa suke zubarwa."

"To zo ki gani. Wannan bakin cike yake da ita, wancan ko ƙwaya babu. Mai dusa shi ne na baya-bayan nan. Shi ne sama!"

Glenys ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ga ta tana rawa da tsumma a hannu. Rewi ya ce, "Oho! Ƙazantar kaka ta ceci tsabtar jika."

Ranar mayar da laka, ita ta ɗauki guntun tsakiya a kafaɗa, ta nutse har gwiwa, ta zuba shi a raminsa da hannunta, bakin dusa na kallon sama. Ta dawo baƙi ƙirin tana dariya, ta shige zaure da takalmanta. Wannan kuwa, ba wanda ke ba da labarinsa.