Shekara Talatin Ina Kallon Kan Habiba

Gidanmu na unguwar Lalala ɗakuna huɗu ne a jere, da rumfar kwano a gaba inda Kaka take ajiye kurfotinta, murhunta na gawayi. Daga Maradi Baba ya ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda da girkin gas ba. Ana idar da sallar magariba za ta hura gawayi ta ɗora shayinta, mu kuma mu kewaye ta. In ruwan sama ya sauko sai mu ƙara matsowa, ita kuma ta ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar kwanon.

Mu biyu ne 'yan mata a gidan, ni da Habiba, ɗiyar Baffa Sani ƙanen Baba, wanda yake tuƙa motar katako zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Sa'anni ne mu, ajinmu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko. Mahaifiyarta Bafulatana ce daga arewacin Kamaru, kuma a wajenta Habiba ta gaji gashi. In aka tsefe shi har tsakiyar bayanta yake sauka. Nawa kuwa, in an ja shi da ƙyar yake taɓa kunne, ana saki ya koma ya dunƙule.

Ranar Juma'a Kaka take mana tsifa tana ba mu tatsuniya. Nawa kan kafin shayi ya tafasa ta gama. Na Habiba sai ta cinye tatsuniya biyu tana tajewa, tana shafa man kaɗanya, Habiba kwance a cinyarta ido a lumshe. Ni ina gefe, ban jin komai a labarin, sai kallon hannun Kaka. A hanyar lakwal ma haka ne. Matan da ke gasa kifi a bakin titi su tsayar da ita su taɓa kitsonta, ni ina tsaye riƙe da jakunkunanmu biyu.

Abu biyu na riƙa yi a lokacin. Na farko, duk ranar tsifa sai na faki ido na kwashe gashin Habiba da ya maƙale a matsefi, na tura a gwangwanin madara na ɓoye ƙarƙashin katifa. A lissafina, in yana zuba haka kowane mako, wata rana zai ƙare. Na biyu, na dami Mama da kuka har ta bar wata maƙwabciyarmu ta riƙa yi mini kitso da ƙarin gashi, wanda muke ce wa meshi. Ni nake cewa ta ja sosai. Sai girata ta ɗaga, na kwana biyu ban iya ɗora kai a matashi ba. Ana tsefe wani a kama wani. Na ma daina kai wa Kaka kaina.

Muna shekara goma sha ɗaya taifot ya kwantar da Habiba mako biyu a asibiti. Ta warke, ta koma lakwal, kowa ya manta. Sai bayan kamar wata uku, wata Juma'a, Kaka ta ja matsefi ya fito cike dam da gashin Habiba. Ta sake ja, haka. Habiba ta sa hannu a kanta, gashi ya biyo yatsunta. Ta fashe da kuka.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Har sai da na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Kaka ba ta firgita ba. Ta sa aka kawo tocila, ta riƙa tsaga gashin tana duba fatar kan, daga goshi har ƙeya.

"Share hawayenki, ƙawata," ta ce. "Babu wajen da ya yi fili, babu ƙuraje, ba makero. Zazzaɓin nan ne. Jiki in ya sha wuya, sai daga baya gashi yake nunawa. Zai zuba ya gaji, sabo ya fito." Ta ƙara gawayi a kurfoti. "Ku matso, ga wata nan ban taɓa ba ku ba."

Ta ce an yi wani masunci mai 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar gashi har gadon baya, babbar kuwa ɗan kaɗan. Kullum in ƙaramar ta taje kai a bakin kogi, wasu silayen gashi sukan faɗi, ta tafi abinta. Babbar sai ta bi bayanta tana tsincewa, tana murna ƙanwarta ta kusa yin sanƙo. Da ta tara da yawa, sai ta ɗaure shi a nata da zare, ta ja tamau don kada ya kwance. Mutane suka fara yaba ta, ita kuma ta riƙa ƙarawa. Ran nan ta sauke tulu daga kai, sai kitson gaba ya biyo gammo, da na aron da nata na ainihi. Ta ruga wurin wata tsohuwa da ke zaune a tsallaken kogi, tana cewa ƙanwarta ce kullum take zubar da gashi, yaya aka yi ita ce ta rasa? Tsohuwar ta ce wanda ya faɗi don kansa kwanansa ne ya ƙare, ɗan'uwansa na nan tafe a gurbinsa. Wanda ake ja dare da rana kuwa, saiwarsa ce take mutuwa.

"Nata ya dawo, Kaka?" Habiba ta tambaya.

"Inda ta yi saurin kwancewa ya dawo. Rakiya, zo nan."

Na zo na durƙusa. Ta ture meshin baya, ta haska gefen goshina, ta shafa da babban yatsa. 

"Wannan ne abin tsoro, ba na Habiba ba. Ji wurin, sumul, har sheƙi yake." Sai ta sunkuyo saitin kunnena yadda ni kaɗai zan ji. "Gwangwanin nan kuma, ki zubar da shi kafin uwarki ta gani."

Da hannunta ta warware mini meshin nan ɗaya bayan ɗaya. Washegari ta tasa ni gaba sai wurin likita, shi ma abin da ya faɗa ke nan: a daina jan gashin, a bar shi ya huta, a ga abin da zai farfaɗo. Gefen dama ya dawo. Na hagu har yau fili ne, faɗin yatsa biyu, shi ya sa nake karkata ɗaurin ɗankwalina. Habiba kuwa, ba a yi wata shida ba sai ga ƙananan gashi sun tsaya cirko-cirko a kanta. Cikin shekara biyu ya koma yadda yake. Na ji haushin wannan fiye da komai.

Bara, a wajen sunan ɗan wata 'yar'uwarmu, Habiba ta zame ɗankwali za ta yi alwala. Kallo ɗaya na yi na ga tsagar kanta ta buɗe, fata na leƙowa a tsakiya, jelar kitson ta sirance. Na lura kuma tana haki daga ɗan hawa matakala. Tsohon daɗin nan ya motsa mini a ƙirji, ina da shekara arba'in da ɗaya da 'ya'ya huɗu. Na ɗauke kai, na koma gida.

Kwana uku abin yana cina. Rana ta huɗu na shiga taksi zuwa gidanta a unguwar Derrière la Prison.

"Habiba, gashinki ba irin zubar matsefi yake yi ba. Raguwa yake, kuma ban ga sabo yana fitowa ba. Tashi mu je a auna jininki."

Aka auna, aka tarar jininta ya yi ƙasa ƙwarai, saboda yawan jinin da take zubarwa duk wata, wanda ta ɗauka ba komai ba ne. Likita ya ce ta zo a kan lokaci. A hanyar dawowa ta riƙe hannuna.

"Ko maigidana Alhaji bai lura ba, ko ni da nake duba madubi. Ke yaya aka yi kika gani?"

"Shekara talatin nake kallon kanki," na ce.

Ta yi dariya, ta kwantar da kai a kafaɗata.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan an yi ta ne don a raba ni da meshi. Yanzu nakan tuna cewa Kaka ta san abin da ke zuciyata sarai, amma ba ta taɓa ce mini na daina jin kishi ba, ta san ba a hannuna yake ba. Abin da zan yi da shi ne yake hannuna. Habiba ta ɗauka ƙauna ce ta sa na gani, ni kuma ban gyara mata ba. Kishi ne ya gani. Taksin dai ni na shiga.