Zakaran Gidan Suruka

Kaf ƙauyukan da ke bakin gulbin Maradun babu macen da ta kai Batulu sanin kaza. In za ta saya sai ta duba ido, ta latsa ƙirji, ta hura gashin gindi ta ga ko akwai farin kashi, sannan ta watsa gero ta ga yadda za ta ci. Ba ta sayen kazar kasuwa. Takan ce ran da ciwo ya shiga gida, ran nan ake tuna hanyar kasuwa.

Mijinta ya rasu tun kafin a datse gulbi a Bakolori. Da ruwa ya taso ya cinye fadamarsu da gidansu da kabarinsa, aka loda su a tifa aka zube su kan wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari. A cikin motar, turmi ya faɗa wa zakaranta ya kashe shi. Kaji biyar suka tsira, jikokin kazar da uwarta ta ba ta, kuma su ne gonarta, su ne rumbunta.

Yunwar shekarar farko ta sa maƙwabta suka yanke zakarunsu, har unguwar ta daina jin cara. Kaji na ta zuba ƙwai, su kwanta a kai, ya ruɓe. Sai Batulu ta sayar da tasar aurenta, ta nufi Talata Mafara sayen zakara a gidan Kubura, uwar mijin 'yarta Suwaiba. Ai gidan suruka ba kasuwa ba ne.

Tun daga zaure ta ga abin da ya kamata ya mayar da ita. Akurki fayau, an zuba masa toka. Suwaiba na durƙushe tana figar kaza, ba suna ba Sallah ba baƙo. Ta ɗago ta kalli uwarta, ta kalli Kubura, ta sunkuyar da kai. Wace sabuwar amarya ce za ta buɗe baki gaban uwar miji?

Bayan doguwar gaisuwa da jajen ruwa, Kubura ta fito da jan zakara, ƙafafunsa a ɗaure tun tuni.

"Batulu, dibi wanga. Don ke na aje shi. Mutanen dam sun biɗa, nic ce a'a, na uwar ɗiyata na."

"Allah shi saka, Yaya."

"Ki duba shi mana. An ce ke har hura musu gindi kike yi, kamar mai hura wuta."

Kubura ta yi dariya. Batulu na jin zafin jikin zakaran a tafin hannunta, ga idonsa na lumshewa. Ta sani sarai. Amma kwance igiyar nan daidai yake da ce wa suruka maƙaryaciya a tsakar gidanta, gidan da 'yarta ke cin tuwo.

"Haba Yaya, kayanki ai ba a duba shi."

A hanya ta yi ta lallashin kanta cewa rana ce ta buge shi. Ta yi niyyar ɗaure shi shi kaɗai bayan ɗaki, amma matan unguwa sun tare ta da guɗa kamar ta kawo ango. Taibatu maƙwabciyarta har ta koro kajinta. Da wane baki za ta ce zakaran gidan surukarta sai an killace shi? Ta sake shi.

Sau ɗaya ya yi cara, wata shaƙaƙƙiya. Kafin kasuwa ta zagayo ya mutu, kajinta suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wuya a murɗe, suna juyi cikin tsakuwa. Ciwon ya tsallaka danga. Taibatu ta kwaso nata matattun ta watsa mata a ƙofa.

"Ga su nan, gwana! Dam ta bar muna kaji, ke kin ƙarasa."

Kubura ta zo jaje, da lalle a ƙafa. Ta zauna kan tabarma ɗaya tilo ta gidan, ta ce iskar wannan tudun ce, dabba ba ta jure ta, ita da ta sani da ba ta ba da zakaranta an kashe mata ba. Da za ta tashi ta ce a miƙo mata igiyar da ta ɗaure shi da ita, ta rama ce mai kyau.

Batulu ta nemo igiyar, ta durƙusa ta ba ta hannu biyu, ta ce a gaida Suwaiba. Wai wannan shi ake kira kunya, har yau kuma ana yabon Batulu da ita. Masu yabon babu wanda ya aika mata da ko ɗan tsako.

Ƙarshenta ta koma tashar Mafara tana yi wa wani mai gasa kaji figa, ana biyanta da kai da ƙafa. Duk kazar da aka miƙo mata, a yanke, jini na ɗiga, sai ta juya ta ta hura gashin gindinta tukuna.