Wayar da na ɓoye wa mai jego

Shekarun baya, ƙanwata ta zo wankan gida wurina a Ruwan Godiya, haihuwarta ta fari. A Ƙanƙara take aure. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka ni ce uwa, ni ce yaya. Ni kuwa a lokacin ji nake duk ƙasar Faskari babu wadda ta kai ni iya kula da mai jego. Ruwa ya tafasa, in karyo ganyen bedi, wato darbejiya, in gasa mata jiki safe da yamma, ga kunun kanwa, ga ƙauri ya sha yaji. Maƙwabta ma nakan leƙa musu in gyara, ba tare da an tambaye ni ba.

Namiji ta haifa, ƙato tubarkalla. Tun kafin suna na lura ba ta kallonsa. In ya yi kuka sai na ɗauko shi na ɗora mata, ta ba shi nono fuskarta na duban bango, yana saki ta miƙo mini. 'Yan barka suka yi ta yaba ta, wai yarinyar nan akwai kunya, irin kunyar ɗan fari ta mutanen da, wadda 'yan yanzu suka yar. Bakina har kunne. Nakan ce ai tarbiyyata ce.

Abu ɗaya ke ɓata mini rai, wayarta. Da ta ga na fita sai ta kai ta bakinta ta yi ta magana ƙasa-ƙasa. Na tambaya, ta ce wani zaure ne a waya na mata masu ciki da masu jego, wata ungozomar asibiti ta saka ta tun tana zuwa awo, kowa na faɗin abin da ke damunta. Na ce to, mu da ke gidan mun zama gumaka ke nan? Wata safiya na shigo da kunu na ji tana cewa ba ta iya barci, kuma wai ji take kamar yaron ba nata ba ne. Raina ya ɓaci. Na ce ashe asirinmu take tonawa ga matan da ba ta san ko fuskarsu ba, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na karɓe wayar, na kashe, na jefa ƙasan kwallata na rufe, na ce sai ta yi arba'in. Ta juya ta kwanta. Ni a wautata har daɗi na ji, wai ta ji magana.

Kwana biyar da haka, ranar kasuwar Yankara, aka yi sallama da hantsi. Wata mata ce da goyo, ta fi ƙanwata shekaru amma ba ta kai ni ba, ƙafarta duk ƙura. Ta ce daga Sabuwa take, a zauren nan suka san juna da ƙanwata. Sun kira wayarta sun kira ba ta shiga, sai ta biyo motar 'yan kasuwa, ta yi ta tambayar gidan mai daddawa da aka yi haihuwa, don abin da ƙanwata ta taɓa faɗa musu ke nan game da ni. Na ba ta tabarma da ruwa, amma fuskar nan tawa a murtuke. Na ce lafiyarta lau, kunya ce kawai irin tamu.

Matar ba ta yi musu da ni ba. Ta roƙi in bar ta ta ga mai jego. Na bi ta ɗakin, don ban yarda a yi ƙus-ƙus a gidana ba. Ta zauna bakin gado, ta kama hannun ƙanwata, ta ce, “Ya kike ji yau?”

Shi ke nan fa abin da ta ce. Yarinyar nan ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da muka rasa uwarmu. Da ta lafa sai ta dube ni.

“Yaya, ba kunyarshi nake ji ba. Ba na jin komai ne. Duk sanda kika ce ina da kunya sai in ji ni muguwar uwa ce kuma babu wanda ya gane. Shekaranjiya na daɗe tsaye a bakin rijiya.”

Innalillahi. Na gan ta fa ranar. Abin da na yi shi ne na balbale ta da faɗa don ta fito ba ɗankwali iska na dukanta, na kora ta ɗaki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi da kaina na buɗe kwalla na ɗauko wayar, na kasa ma kallon baƙuwar.

Matar ta ce ita ma haka ta yi a haihuwarta ta biyu, har aka yi ta yi mata hayaƙi ana cewa iska ce. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, likitoci sun san shi, yana da magani, kuma kada mu bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Na aika wa mijin, washegari ya zo muka kai ta asibiti. Aka ɗora ta kan magani, ana ganinta lokaci-lokaci. Matan zauren nan kuwa kullum sai sun kira. Sauƙin bai zo da wuri ba, ya ɗauki watanni. Amma na ga ranar da ta ɗauki yaron ba a ce ta ɗauka ba, tana yi masa wasa yana ɓangala mata baki. Na zaga bayan ɗaki na sha kukana.

Yaron yanzu yana firamare, uwarsa ta ƙara biyu lafiya ƙalau. Ba ta taɓa yi mini gori ba, na nemi gafararta ta ce ba ta riƙe ni da komai ba. Ni ce dai na kasa yafe wa kaina duka. Yanzu in na je barka na ji ana yabon mai jego wai ba ta ko kallon ɗanta, ba na shiga yabon. Ina jira mutane su ragu, in matsa kusa da ita in tambaye ta.

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Sati uku ina yi wa yarinyar nan wanka safe da yamma, babu inda ban sani ba a jikinta, amma sai da wata ta hau mota tun daga Sabuwa kafin a samu wanda zai tambaye ta ya take ji.