Motar Bakori ta Ranar Juma'a

Manniru ɗan Bakori ne, amma Abuja ta riƙe shi. A wani kamfanin motocin haya da ke kusa da tashar Jabi yake aiki, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Nasa shi ne ya zauna gaban kwamfuta, ya tattara bayanan tikitin da aka sayar, ya mayar da su zane. Hanyar da take cika da fasinja ta fito kore a taswira, wadda motarta take tafiya wayam ta fito ja. Da taswirar nan shugabar kamfanin, Madam Prudence, take yanke inda za a ƙara mota da inda za a janye.

Direbobi suna kiransa Malam Mai Launi. Baba Sale, wanda yake jan motar Bakori duk Juma'a, shi ya fi tsokanarsa, yakan ce an tura mutum boko ya dawo yana yi wa hanya lalle. Amma duk Litinin sai ya leƙo ofis da ƙullin leda daga Inna, mahaifiyar Manniru: daddawa, kuka, wani lokacin ƙuli-ƙuli mai yaji. Ba a yankar wa irin wannan saƙo tikiti. Tsohuwa ta tsaya a bakin hanya ta miƙa wa direba, ta haɗa masa da goro da addu'a, shi ke nan. Manniru yakan sunsuni ledar kafin ya ajiye, don ƙaurin murhun gidansu yana nan a jikinta. Ya daɗe rabonsa da gida. Kullum sai ya ce bayan salla, sallar kuma ta zo ta wuce.

Tun damina layin Bakori yake ja. Ya sake duba bayanan, ya cire makonnin da hanya ta lalace, ya ƙara da na lokacin salla, jan bai dusashe ba. Kwamfuta fasinja ta sani, ba ta san ƙullin daddawa ba. Ko da ta sani ma, goro ba ya sayen mai.

Ranar taro Madam ta nuna layin da biro. "Manniru, wannan ba garinku ba ne? Akwai abin da ban gani ba?"

Ya dubi taswirar. Ya san inda zai taɓa ma'auni jan ya koma ruwan ɗorawa, motar ta ƙara wata shekara.

"Babu, Madam. Yadda kika gani haka yake."

Aka yanke cewa Juma'a mai zuwa ita ce tafiyar ƙarshe.

Da safiyar Juma'ar Baba Sale ya iske shi a tasha da jaka a kafaɗa. Ya tambaye shi ko saƙo zai bayar, Manniru ya girgiza kai ya nuna masa tikiti. Dattijon ya juya tikitin gaba da baya, kamar bai taɓa ganin irinsa ba, sannan ya buɗe masa ƙofa.

"Shiga gaba, Mai Launi. Na gaji da yi wa Inna ƙarya cewa kana tafe."